Tambayi Bakanike: Tsohuwar Mustang da Gasar Motocin Titi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Houston ta jihar Teksas, aikin jinya nake yi. Bara na sayi Ford Mustang ƙirar 1966 a hannun wani dattijo. Injinta na asali ne, 289 mai silinda takwas, tana tashi lafiya tana tafiya lafiya. Na ga gasar da kamfanin batir na Optima ke ɗaukar nauyi, inda mutane irina waɗanda tsere ba sana'arsu ba ce suke fafatawa da motocin da suke hawa a titi, na kuwa ƙwallafa rai. Na tara dala 15,000. Abokaina sun ce in fidda tsohon injin in sa Coyote, injin Ford na zamani mai ƙarfin doki sama da 400. Me ka gani, kuma ta ina zan fara?
Mai karatu, daga Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya albarka, ya tsare ka a cikinta. Shawarata a taƙaice: bana kada ka taɓa injin nan. Bari in faɗa maka dalili, don na san abokanka ba za su ji daɗi ba.

Gasar da ka gani ta soma ne a 2008. Ana yin zagayen share fage a filayen tsere daban-daban na Amurka cikin shekara, sannan a yi ta ƙarshe a Las Vegas a watan Nuwamba, bayan baje kolin kayan mota na SEMA. Dole motar ta kasance da lamba da inshora, kuma ɓangare biyar ake auna ta. Alƙalai za su duba ƙira da tsabtar aiki, su tabbatar fitilu da hon da sauran kayan hawa titi suna aiki. Za a fita da ita kan hanyar kowa da kowa a bi dokar hanya, a ga ko za ta je ta dawo da ƙafarta. Akwai otokuros, wato a jera mazuraran roba a fili a fitar da hanya mai yawan kwana, kowa ya shiga shi kaɗai agogo na ƙirga masa. Akwai gwajin gudu da tsayawa: ka taka totur, ka sha kwana, ka zo ka tsaya cak cikin wani akwati da aka zana da mazurarai. Na biyar shi ne zagaye babban filin tsere. To lissafa da kanka, a ina doki 400 zai cece ka? A na ƙarshen ne ya fi tasiri, shi ma sai in birki da taya sun yarda. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mutanen da suka yi suna a wannan fage da tsofaffin motoci sun san haka. Mark Stielow, injiniya a kamfanin General Motors, ya ci gasar a 2010 da Camaro ƙirar 1969. Inji mai ƙarfi yana ciki, ba musu, amma abin da masu sana'a ke tsugunawa su kalla a motocinsa shi ne ƙafa da birki da yadda ya shawo kan zafi.

Ga matsalar Coyote a motarka. Kansa faɗi ne da shi, ba ya shiga ɗakin injin Mustang ta 1965 da 1966 sai an yanke ƙarafan nan biyu da ke riƙe da shokozoba. In ka yanke su, ƙafar gaba gaba ɗaya sai sabuwa. Sai giyabos da zai ɗauki ƙarfin, sai famfon mai da tanki irin na injekta, sai kwamfuta da wayoyinta, sai aksul na baya don na asalin ba zai jure ba. Kuɗinka za su ƙare motar na kan jak, ka wayi gari shekara biyu ba ka shiga ko gasa ɗaya ba. Irin waɗannan motoci da aka buɗe aka kasa rufewa sun cika garejojin gidaje a ƙasar nan, ganinsu yana ɓata mini rai ƙwarai.

Kafin ma a yi maganar yanka, dubi lambar bodin motar, harafi na biyar. In C ne ko A, 289 ce ta gama-gari, yi gyaranka hankali kwance. In kuwa K ka gani, wannan ita ce mai doki 271 wadda ba a ƙera da yawa ba, masu tara motoci nemanta suke ido rufe. Irin wannan ba a sa mata abin yanka. Kowace ce dai, duk abin da ka kwance ka goge shi ka adana, kuma ka fifita gyaran da ake ɗaurawa da noti a kan wanda sai an yi walda.

Aikin farko a ƙarƙashin mota yake. Mustang ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai, don haka tsatsa a daɓenta ko a ƙarafan da ƙafafu ke ɗaure a jiki ba ƙaramin abu ba ne. Ɗaga ta, ka bi da sukurdireba kana tsokana. Ka kuma zuba ruwa ta ramukan iskan da ke gaban gilashi, in ya ɗigo kan kafet to can ciki ya ruɓe. A gyara wannan tukuna, sannan a haɗa ƙarfen gaba da na baya da sandunan da ake sayarwa don haka, a ɗaura takalmin ƙarfe a ɗakin inji. Bodin da ke murɗewa a kwana, ko wace irin shokozoba ka sa masa asarar kuɗi ce.

Sai birki, a nan nake so ka fi sakin hannu. Yawancin Mustang na shekarar motarka da birkin ganga suka fito a ƙafa huɗu. Ganga tana riƙe zafi, in ka taka da ƙarfi sau uku huɗu a jere sai ka ji feda ta yi tauri mota kuma ba ta tsayawa. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne tukunyar man birkin: ɗaki ɗaya gare ta. Tiyo guda ya fashe, ƙafa huɗun duk sun tafi. Daga ƙirar 1967 ne motocin Amurka suka koma mai ɗaki biyu, gaba daban baya daban. Ko ba za ka shiga gasa ba, wannan canjin wajibi ne. Sa birkin faifai a gaba, sabbin tiyo da bututu, da fad mai jure zafi. Man birki kuma DOT 4 sabo fil daga gwangwanin da ba a buɗe ba. Ƙa'idarsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, na DOT 3 kuwa 205, amma man birki yana shan raɓa daga iska, in ya tsufa sai ya sauko wajen 155. Ka san laimar Houston, ba sai na faɗa maka ba. Idan ya tafasa feda ƙasa take zubewa.

Taya ita kaɗai ke taɓa ƙasa. Dokar gasar ta ce lambar cin tayar da ke rubuce a gefenta kada ta gaza 200, don a hana mutane zuwa da tayar tsere zalla, saboda haka kusan kowa mai 200 ɗin yake saye. Rim na asali inci 14 ne, ba za ka sami irin wannan taya mai kyau a girmansa ba, yawanci 17 ake komawa. Ka duba lambobi huɗun ƙarshe na ranar ƙira, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta daɗe a ajiye ta bushe ko da zanenta bai taɓu ba. A ƙafar gaba a sabunta bushin da boljoyin da tayarod, sannan a yi dabarar da Carroll Shelby, mai haɗa motocin tsere, ya yi wa Mustang ɗinsa ta GT350 a 1965: a huda sabbin ramuka a sauko da mazaunin hannun sama da inci ɗaya. Aikin yini guda ne, kuɗinsa kaɗan, amma yana sa tayar waje ta kwanta sosai a kwana maimakon ta tsaya a kan gefenta. Bayan nan shokozoba mai kyau, sandar hana tangaɗi mai kauri a gaba, da alaimen a hannun wanda ya san motar gasa, don ma'aunin littafin 1966 na tayoyin wancan zamani ne.

Injin 289 kuwa hidima yake so. Lagireto na alminiyam da fanka mai ƙarfi, domin zafin Teksas da jiran layi tsakanin zagaye su ke sa tsohuwar mota tafasa. Kaskon baƙin mai a sa mai shinge a ciki, saboda a doguwar kwana mai yana tattarewa gefe guda, famfo ya zuƙi iska, cikin daƙiƙoƙi metal ya tafi. A wanke kafireto a daidaita tsayin fetur a cikinta, in ba haka ba za ta riƙa shaƙewa duk lokacin da ka taka birki da ƙarfi. In kuɗi sun ragu, giya biyar ta T5 tana shiga ba wahala, kuma za ka ji daɗinta a babbar hanya.

Kai ma'aikacin jinya ne, ka fi ni sanin abin da haɗari ke yi wa jikin ɗan Adam, don haka ba zan ɓoye maka ba. Kujerar motar nan ba ta da matokarin kai, bel ɗinta na ƙugu ne kawai, sandar sitiyarinta ƙarfe ne miƙaƙƙe da ba ya lanƙwashewa, kuma saman tankin fetur shi ne daɓen but. Sa kujera mai riƙe jiki da bel mai bi ta kafaɗa, a rufe bayan kujerar baya da farantin ƙarfe, a ɗaure batir gam, a ajiye abin kashe gobara inda hannunka zai kai. Hular kwano ka sayi mai tambarin Snell na tseren mota, ka duba shekarar da masu gasar ke karɓa. Ka kuma kira kamfanin inshorarka ka tambaye su ƙarara, domin yawancin inshorar titi ba ta biyan abin da ya faru a wurin da ake auna gudu da agogo. Akwai wadda ake saye ta yini ɗaya don filin tsere.

Abin da ya fi duk waɗannan kuma ba a sayar da shi a shago. Da zarar birki da taya sun kammala, nemi reshen SCCA, ƙungiyar masu wasan mota ta Amurka, na yankinku ka shiga otokuros ɗinsu na ƙarshen mako. Kuɗin shiga ba ya kai dala ɗari a yawancin wurare, gudun da wuya ya wuce na babbar hanya, zagaye ɗaya kamar minti guda ne, in ka kuskure roba kawai za ka ture a ƙara maka daƙiƙa biyu. Suna da rukunin CAM da aka ware wa irin motarka. Goodguys, ƙungiyar masu tsofaffin motoci, su ma suna shirya nasu a Fort Worth, nan cikin jiharku. Ka je da wuri ka taka hanyar da ƙafa kafin a fara, ka roƙi wani tsohon hannu ya zauna gefenka, ba sa rowar ilimi. Ranar farko wata 'yar ƙaramar Mazda Miata da ba ta kai rabin injinka ba za ta ba ka rata mai yawa. Kada ranka ya ɓaci, je ka tambayi mai ita inda yake kallo idan ya tunkari kwana. Ni ma da tsohuwar Chevrolet Nova nake zuwa irin wuraren nan, kuma har gobe dattawan da ke gabana ba su fi ni inji ba, sun fi ni taushin hannu ne.

Yi shekara guda a haka, ka riƙe littafi kana rubuta iskar taya da lokacin kowane zagaye. Badi ka yi rajistar zagayen share fage na Optima a rukunin tsofaffin motoci. In a lokacin ka tabbatar ƙarfi ne kaɗai ya rage maka, injin 302 ɗan gidan su 289 ne, yana zama a mazauninsa ba tare da an yanki komai ba.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Mahaifina ya bar mini Fijo 504 a nan Kaduna. Ina kallon irin waɗannan gasanni a waya, ni da abokaina muna son mu riƙa gwadawa da daddare idan titi ya yi sauƙi. Wane gyara zan yi mata?
Wani matashi, daga Kaduna.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Gyaran da za a kai titi da daddare ba zan koya maka ba. Waɗanda kake kallo a waya a killataccen fili suke, an duba motocinsu kafin su shiga, motar asibiti na tsaye a gefe, kuma ba mai keke ko yaro mai talla da zai ɓullo musu. Wasan mota a titi da wurin biki ya sa gidaje da dama zaman makoki a garuruwanmu, kai ma shaida ne.

Motar da ke hannunka kuwa ba ta raini ba ce. A garinku aka riƙa haɗa ta tun da masana'antar Fijo ta fara aiki a 1975, kuma a shekarar nan Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504. Juriya da kwanciya a mugunyar hanya su ne ƙarfinta, ba fizga ba. Gyara mata birki da ƙafa da lagireto kamar yadda na faɗa wa yayanka na Houston, ka bar injin yadda yake.

In da gaske kuke, ku haɗa kai ku nemi fili mai shinge, ku sami izinin mai shi a rubuce, ku sanar da 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗura. Ku jera mazuraran roba, mota ɗaya a lokaci guda, kowa da hular kwano da bel, 'yan kallo can nesa bayan shinge, agogon waya ya ishe ku alƙalanci. Ku tsara hanyar da yawan kwana yadda ba wanda zai wuce giya ta biyu. In kun samu filin, ka aiko mini da tsawonsa da faɗinsa, zan zana muku yadda za ku jera robobin.