Hasken da ke ɓullowa ta gefen sabon allo

Ɗan'uwa, ka ce sabon allon kwamfuta da ka saya don gyaran hotuna yana fitar da haske ta kusurwa idan hoton baƙi ne, kana tambaya ko ka mayar. Kafin ka ɗauko kwali, yi wannan gwajin da daddare.

Buɗe baƙin hoto ya cika allon, ka ja da baya kamar taku uku, ka riƙa karkata kai hagu da dama. In hasken yana motsi ko dusashewa, ɗabi'ar nau'in allon da ake kira IPS ce (mai riƙe launi ko an kalle shi ta gefe), kusan kowanne yana da ita. In kuwa ya tsaya cak wuri ɗaya, hasken fitilun da ke haska allon daga baya ne ke yoyo, galibi saboda firam ya matse gilashin.

Sannan rage haske. Daga kamfani yakan zo a ƙure, alhali gyaran hoto kusan nit 120 (nit ma'aunin ƙarfin hasken allo ne) ya ishe shi. Nawa da na sauke, tabon kusurwar hagu sai da na neme shi. Kada ka biye wa hoton allon da aka ɗauka da waya, kyamara tana zuzuta abin cikin duhu.

Amma in yana ɓata maka inuwar hoto ko da rana, mayar da shi tun wa'adin canji bai ƙare ba. Don Allah kada ka danne gilashin da yatsa, kana iya lalata shi ka rasa garanti.