Amsa ga mai shirya fim a kan rasuwar uba da nauyin gida

Ɗan'uwa, ka ce kana shirya fim a Zariya a kan magidancin da ya rasu ya bar wa ɗan farinsa mata biyu, ƙanne da bashi, kuma kana tsoron sanyin labarin ya sa 'yan kallo gyangyaɗi.

Ba sanyin ke kashe irin wannan fim ba, fitowar da babu abin da ya motsa a cikinta ce. Ko minti uku aka yi shiru, a tashi wani ya ɗauki sabon nauyi. Ka ɗora labarin a kan ranakun da kowa ya sani: jana'iza, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, sai fitar takaba bayan wata 4 da kwana 10. Mai bin bashi ya zo ranar uku da ta'aziyya, bayan arba'in ya dawo da takarda. Kuma ka kula, ba a raba gado sai an biya bashi an zartar da wasiyya, matan biyu kuwa tumuni ɗaya za su raba tunda akwai 'ya'ya. Zariya garin malamai ce, in ka kuskure nan ba za a ɗaga maka ƙafa ba.

Kuka ka rage shi. Uwar ta zuba tuwo a kwanon maigida bisa sabo, sai ta tsaya da mara a hannu. Butarsa na nan a ƙofar turaka, an rasa mai ɗaukewa. Ga shi ba ta iya kiran sunan ɗan fari, alhali gidan ya koma wuyansa. Wannan kunyar kaɗai ta isa ta riƙe rabin fim ɗin.

Inda aka fi faɗuwa shi ne sauti, domin shiru na tona asirin makirufo. A kai janareto bayan katanga da doguwar waya. Sabuwar shadda tana ƙara a makirufon wuya, a sa wadda ta sha wanki, dama mai makoki ba ya kwalliya. A kowane ɗaki a naɗi minti ɗaya kowa ya yi tsit, da shi mai tace fim zai liƙe gaɓoɓi, in ba haka ba duk yanka sai an ji shi. Zauren ƙasa na cikin birni ba ya amsa kuwwa kamar ɗakin siminti, amma ka nisanci bakin titin Ƙofar Doka saboda babura.

'Yan wasa za ka samu a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, sai dai sun saba da dandamali, inda ake ɗaga murya don na baya ya ji. Ka ba su kwana biyu suna gwaji a gaban kyamara, suna kallon kansu, kafin ranar ɗauka.