Na goge tsofaffin kwafi, amma faifan ajiya bai samu sarari ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da takin zamani a Ƙofar Ƙaura, Katsina, inda kowane dare ake kwafe bayanan ofis zuwa na'urar ajiya guda. Faifan ya kusa cika, na goge kwafin watannin baya ta cikin manhaja, amma sararin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Ko in share manyan fayilolin da hannu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka kuskura ka taɓa su da hannu. Yawancin manhajojin ajiya suna daddatsa fayil gunduwa-gunduwa, su adana kowace gunduwa sau ɗaya tak, ta yadda kwafin jiya da na bara za su iya dogara da gunduwa guda. Abin da ka goge jerin sunayen gunduwoyin ne kawai, su kuwa suna nan zaune har sai an yi sharar da ke tantance waɗanda babu sauran kwafin da ke buƙatarsu. Misali, a manhajar ajiya mai suna restic, umarnin forget ke cire kwafi, prune kuma ya kwashe ragowar; a wata manhajar mai suna BorgBackup, tun daga sigar 1.2, sai an bi prune da compact kafin sarari ya fito. Idan ka share fayil da kanka, kana iya lalata kwafin daren jiya, kuma ba za ka ankara ba sai ranar da kake neman dawo da bayanai.

Ka lura kuma da ragowar kwamfutocin da aka daina aiki da su, domin sau da yawa kwafinsu na ƙarshe yana zama har abada idan ba a waiwaye shi ba.

A ganina, babbar matsalarku rashin rubutaccen wa'adin riƙe kwafi ne. Ku zauna da mai kamfanin ku tsayar da shi, misali kwafin kullum na kwana 7, na mako-mako guda 4, na wata-wata guda 12, sannan a saita manhajar ta riƙa zubar da sauran da kanta. Takardun kuɗi daban suke, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta adana su shekara 6, yayin da dokar kare bayanai ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutane fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Kafin sharar farko, ka gwada dawo da wasu fayiloli, kuma ka tabbata akwai wutar da za ta kai aikin ƙarshe.