Hukuncin Sayar da Manhajar da Ta Dogara da Laburaren GPL

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya gafarta maka. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta. Na haɗa wata ta lissafin kaya da nake son sayarwa ba tare da na saki tushen rubutunta (ainihin umarnin da na rubuta na haɗa ta da su) ba. Na yi amfani da wani laburare (ɓangaren manhaja da wasu suka riga suka rubuta don a riƙa amfani da shi) na kyauta mai lasisin GPL, wato lasisin da ya sharɗanta cewa wanda ya raba manhajar da aka gina a kansa ya saki tushenta, amma ban kwafi ko layi guda daga cikinsa ba, manhajata kiransa kawai take yi idan tana aiki. Abokina ya ce ba komai, ai Musulunci ma bai san haƙƙin mallakar ilimi ba. Kuɗin da zan samu halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sa albarka a sana'arka, ɗan'uwa. Na ji daɗi da ka tambaya tun kuɗin ba su shigo hannu ba, domin idan sun shigo zuciya takan fara nema wa kanta uzuri.

Da laburaren mai lasisi mai sassauci ne irin MIT ko BSD, ka ajiye sanarwar masu shi ka ci gaba. Da don amfanin kanka ka haɗa manhajar, babu abin da ya hau kanka, domin sharaɗin GPL yana farawa ne idan ka miƙa wa wani. Sayarwar ma lasisin bai hana ba. Abin da ya sauya hukunci shi ne ka haɗa abu biyu: GPL ne, kuma kana son rabawa a rufe.

Masana doka sun yi saɓani kan kiran da ka bayyana. Gidauniyar FSF, mai fitar da lasisin GPL, wadda Richard Stallman ya kafa a 1985, tana ganin ko an cusa laburaren cikin manhajar tun wurin harhaɗawa, ko an bari tana kiransa lokacin aiki, abu ɗaya suka zama, lasisin ya game su. Lauyoyi irin su Lawrence Rosen suna ganin kira kaɗai bai sa manhajarka ta zama reshen aikin wani ba. Ni ba alƙalin wannan ba ne. Abin da shari'a take dubawa a yarjejeniya shi ne manufa, ba siffar lafazi ba, kuma manufar a nan ba ta ɓuya ba. Tun 1991 aka fitar da lasisi na daban, LGPL, don laburaren da aka yarda rufaffiyar manhaja ta kira shi, kamar laburaren glibc. Laburaren Readline kuwa da gangan aka bar shi a GPL. Wanda ƙofofi biyu suke gabansa ya zaɓi ɗaya, ya faɗa maka nufinsa. Mai son sassauci yakan rubuta, kamar yadda Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta cewa manhajar da ke kiran ƙwayar (kernel) Linux ta hanyar da aka saba ba ta shiga sharaɗin ba. Ka duba ko naka yana da irin wannan togaciya. Idan babu, Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Maganar abokinka kuwa, akwai malaman da suka tafi a kan cewa ba a mallakar ilimi, hujjarsu hadisin da ya yi narko ga mai ɓoye shi. Muna girmama su, amma ra'ayin mai rauni ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira shari'a ta kare su, bai halatta a keta su ba. Hadisin yana magana ne a kan ilimin da aka tambayi mutum ya ƙi faɗa, ba a kan gumin watanni da wani ya zuba cikin aiki ba. Sannan ko mun sallama masa, hujjar a kansa take komawa. Mai laburaren nan bai ɓoye komai ba, ya shimfiɗa aikinsa ga duniya, sharaɗinsa guda shi ne kada wanda ya ɗauka ya kulle. Yaya za ka ɗauka da sunan haramcin ɓoye ilimi, sannan ka ɓoye naka ka sa masa farashi? Idan babu haƙƙin mallaka, da wane haƙƙi za ka hana masu saye su kwafi taka? Lamarin ya yi kama da waƙafi, inda malamai suka ce ana kiyaye sharaɗin mai waƙafi matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Kasancewar mai laburaren ba Musulmi ba ne bai rage komai ba.

Saboda haka kada ka sayar da ita a rufe a wannan hali. Ko ka saki tushen ƙarƙashin GPL ka ci kuɗin girkawa da gyara da horaswa, ko ka canza laburaren da mai LGPL ka cika nasa sharuɗɗan, ko ka rubuta wa masu shi. Wasu, kamar masu manhajojin Qt da MySQL, suna sayar da lasisin kasuwanci na daban. Izinin ya kasance a rubuce.

Ina kuma jan hankalinka kan masu sayenka. Wanda ka sayar wa manhajar da rigimar lasisi ke cikinta ba ka gaya masa ba, ka ɓoye masa aibi, wannan algus ne. Ka buɗe takarda ka jera kowane laburare da lasisinsa, har waɗanda suka shigo ta bayan wasu, domin nan ne aka fi tuntuɓe. Kafin ka sa hannu a kwangila mai nauyi, ka nuna wa lauyan da ya san dokar ƙasar da za ka sayar a cikinta.

Wallahu a'alam.