Hukuncin rage guzurin ruwa saboda dogaro da jarkokin sadaka a hanya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ina karatu a Amurka. Akwai wata hanyar ƙafa da ta tashi daga iyakar Meksiko har iyakar Kanada, mil 2,650, ana yin kusan wata 5 a kanta. Mil 700 na farko yawancinsu hamadar Kalifoniya ce. Wasu bayin Allah sukan ajiye jarkokin ruwa a bakin hanya kyauta, wasu su ba da abinci. Ina so in rage ruwan da zan ɗauka don jakata ta yi sauƙi, in sha na jarkokin. Abokina ya ce wannan tawakkali ne. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tafiyar kanta halal ce, karɓar kyautar da ba ka roƙa ba kuma halal ce, ko daga wanda ba Musulmi ba. Kalma ɗaya ce ta tsayar da ni a wasiƙarka, ɗana, wato "in rage". Wanda ya ɗauki isasshen ruwa sannan ya tarar da jarka ya sha, babu komai a kansa. Wanda ya bar ruwansa da gangan, ya shiga hamada yana lissafi da ruwan da babu wanda ya yi masa alkawarinsa, bai halatta ba muddin akwai tsoron halaka. In kuma wahala ce kawai ake tsoro, makaruhi ne. Mai kawo jarkokin nan da man motarsa yake kawowa. Yana iya kwanciya rashin lafiya, motar na iya lalacewa, ayari na iya riga ka ya shanye. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Saboda kilo uku ko huɗu za ka jinginar da ranka?

Maganar abokinka tana da asali, shi ya sa zan tsaya a kanta. An samu wasu masu zuhudu da suke shiga daji ba guzuri, Imam Gazali ma ya yi musu uzuri bisa sharaɗi biyu: mutum ya horar da kansa har yana iya jure yunwar kusan mako, kuma yana iya rayuwa da ciyawar daji. Ibnul Jauzi ya yi raddi mai zafi a kan wannan, kuma shi ne ya dace. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa mutanen Yaman sukan fita aikin Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun isa Makka sai su koma roƙo. A kansu ayar "ku yi guzuri" ta sauka a Suratul Baƙara, aya ta 197. Idan Hajji bai zama uzuri ba, ina ga yawon buɗe ido? Wani ya ce wa Imam Ahmad zai tafi Makka ba guzuri. Ya ce masa to ya fita ba cikin ayari ba. Mutumin ya ce a'a, sai da ayari. Imam Ahmad ya ce ashe a kan jakunkunan mutane ya yi tawakkalin. Ko a bisa sharuɗɗan Gazali ba ka shiga ba, domin shi yunwa yake magana, kai ƙishirwa, kuma masu zuhudun nan ba sa kallon hannun kowa, kai kuwa ka riga ka ƙirga jarkokin a taswira. Kakanninmu da suka bi ta Cadi da Sudan zuwa Makka a ƙafa, da salkarsu da gumbarsu suka fita, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi noma ko ƙwadago, shi ya sa wasu suka yi shekara da shekaru a hanya.

Akwai kuma haƙƙin na bayanka. Ka san randar sadaka da ake ajiyewa a ƙofar gida da moɗa a kai. Ana sha ne a wuce, ba a zuwa da tulu. Jarkokin nan na wanda lissafinsa ya kuskure ne, ko gorarsa ta huje. Kowace lita da ka ɗiba don jin daɗin kafaɗarka, daga bakinsa ka ɗauke ta. Kada kuma ka yi alwala da ruwan, domin malamai sun ce ruwan da aka keɓe don sha ba a tsarki da shi. Ka yi taimama, ƙasa ga ta nan ko'ina.

Abin da ba ka tambaya ba: mahaifiyarka ta sani? In ta hana, ka haƙura. Kada ka yi tafiyar dare kai kaɗai, Annabi (SAW) ya yi gargaɗi a kan haka. Abincin da za a miƙo maka ka tambayi ko mene ne, domin a can ana haɗa giya da naman alade cikin karamci, da kyakkyawar niyya. Ka ƙi cikin ladabi, ka yi godiya. In ka tarar da jarkokin sun watse ka tattara su, in kana da hali ka ba da wani abu na mai. Ga rangwamen ƙasaru Allah Ya yi maka, amma ka auna Juma'o'in da za su wuce ka cikin wata 5, ka duba ko ba za ka yi tafiyar kashi-kashi ba.

Wallahu a'alam.