Amsar tambayar Yaya a kan hular NY da kukan auta

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Ka tambaye ni abu biyu, ka ce kada in yi maka kwana-kwana. Na farko, me ya sami gidana ranar da ka kira da bidiyo ka tarar da yara sun yi jugum kamar an yi rasuwa, auta idonsa ya kumbura. Na biyu, wai ko gaskiya ne 'ya'yanmu na nan sun bar ƙwallon ƙafa sun koma wasan Turawa na sanda, mu iyaye kuma muna biye musu. Amsar guda ce, kuma tana cikin hular nan mai harafin N da Y a sarƙe, wadda samarin unguwarmu a Kano suke sawa ba tare da sun san ta wace ce ba.

Hular ƙungiyar Yankees ce, ta wasan besbol. Filinsu yana nan Bronx, cikin birnin New York, a titi na 161, tafiyar ƙafa daga gidana. Ranar da suke wasa da dare, hasken fitilun filin har tagar ɗakin girkinmu yake kaiwa, jirgin ƙasa mai lamba 4 kuma yana wucewa ta sama maƙil da mutane. Hausawan unguwar nan, na zangon Kumasi da Akara da na Nijar da mu 'yan Najeriya, da yawanmu abincinmu yana da nasaba da filin. Wani tasi yake ja, wani gadin wurin ajiye motoci, wani yana da shago a hanyar. Shekarar da ƙungiya ta yi kyau, ciniki yana kaiwa har ƙarshen Oktoba. Shekarar da ta lalace, tun Satumba ake naɗe tabarma.

Bari in kwatanta maka wasan a taƙaice. Mutum ɗaya yana jifa, ɗaya yana duka da kulki. Idan ya daka, sai ya ruga ya zaga tashoshi uku ya dawo gida, dawowar nan ita ce ci ɗaya, kamar yadda muke cewa na sha muna yara. Idan ya dake ta ta tsallake katanga, shi da duk wanda ke kan tasha sun sha ba gardama. Ana fitar da mutum uku, sai a juya, masu duka su koma tsaro. Turmi tara ake yi. Kuma ba wasan mako-mako ba ne irin na Firimiya, wasa 162 ake bugawa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. Shi ya sa yake shiga jikin mutum. Kana tuƙi rediyo na kunne, kana jiran fasinja kana ji, har ka wayi gari ka san sunan kowa.

A 2023 ƙungiyar ta ba mutane kunya, ta ci 82 ta faɗi 80, ko zagayen fitar da gwani ba ta shiga ba. Sai a watan Disamba suka ɗauko Juan Soto daga San Diego. Ɗan Jamhuriyar Dominika ne, maƙwabtanmu kuwa a benen nan yawancinsu 'yan can ne. Ranar da labarin ya fito, maƙwabcina da muke gaisuwar nesa-nesa shekara da shekaru ya tare ni a matakala ya rungume ni. Daga ranar muka fara hira ta gaske.

Kakar 2024 ta fara muna cikin azumi. Sun je Houston suka cinye wasa huɗu a jere, mu muna dawowa daga asham yara suna ba mu labari. Kyaftin ɗinsu Aaron Judge, wani zabgegen mutum da ya haura mita biyu, ya fara shekarar da sanyin jiki har 'yan kallo suka yi masa ihu a gida. Daga watan Mayu ya farka, kuma bai sake barci ba. Sau 58 ya tsallakar da ƙwallo katanga a shekarar, Soto sau 41. Soto ke shiga gabansa, shi yana biye, mai jifa ya rasa wanda zai guje wa. Babban mai jifansu Gerrit Cole ciwon gwiwar hannu ya hana shi wasa sai a watan Yuni, amma wani matashi Luis Gil ya riƙe wurin har ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa. Tsakiyar shekara sun yi tangal-tangal, masu tsaro suna sakaci, masu gudu suna kuskuren lissafi, dattawan da suka daɗe da sanin wasan suna ta cewa wannan sakacin zai ci su wata rana. Duk da haka sun gama da ci 94, faɗuwa 68, su ne kan gaba a rukuninsu.

Ka tambayi yadda muke zuwa irin wurin nan da addininmu. Muna zuwa, amma da shirinmu. Ana sayar da giya a filin, naman da ke wurin kuma ba mu san yankansa ba, don haka a gida ake cin tuwo ko shinkafa da wake kafin a fita. Wasan dare yana farawa wajen ƙarfe bakwai, magariba a watan Yuli kuma sai takwas ta wuce, saboda haka da alwala muke shiga, lokaci na yi mu nemi lungu mu tayar. Ba wanda ya taɓa hana ni. Abin da muka fi tsoro ba giyar ba ce, cacar waya ce da ake tallarta a kowane hutu. A kan wannan limamanmu sun yi huɗuba ba sau ɗaya ba, ni kuma na gaya wa babban ɗana cewa ranar da na ga manhajar caca a wayarsa, shi da filin sai dai ya hango daga taga. Mu manya har gobe asubar Asabar tamu ta Arsenal da Manchester ce, ina kuma bin labarin Pillars. Ba mu sauya ba, ƙari muka yi.

A Oktoba suka fitar da Kansas City, sannan Cleveland. Wasan da ya raba gardama da Cleveland ya wuce turmi tara, a na goma Soto ya tsaya yana ta kare jifa bayan jifa, yana gyaɗa kai yana kallon mai jifan ido cikin ido, har ya samu wadda yake so ya aika ta bayan katanga. Mutum uku suka sha. Unguwar nan ta ɗauki ihu da hon ɗin motoci har tsakar dare. Rabon Yankees da wasan ƙarshe na ƙasa tun 2009, shekarar da suka ɗauki kofinsu na 27. Auta ba a haife shi ba a lokacin. Duk girman ƙungiyar da yake ji, a bakin mutane yake jinsa, bai taɓa gani da idonsa ba.

Abokan karawar su ne Dodgers na Los Angeles, masu Shohei Ohtani ɗan Japan. Wanda ya riga cin wasa huɗu shi ke da kofi. Wasan farko, ranar 25 ga Oktoba, muna gaba da ci ɗaya a turmi na goma, saura mutum ɗaya a fitar. Freddie Freeman na Dodgers, wanda ke ɗingishi saboda ciwon idon sawu, ya daki jifar farko da mai jifanmu Nestor Cortes ya yi masa, mutum huɗu suka sha, aka tashi 6 da 3. Suka ƙara cinye mu sau biyu. Wasa na huɗu muka rama da 11 da 4, rai ya ɗan dawo.

Na biyar shi ne daren da kake tambaya, 30 ga Oktoba, a nan filinmu. Kuɗin tikiti ya fi ƙarfin irinmu, a falona muka taru, mu da maƙwabcin nan da 'ya'yansa, uwar gida ta dama kunun gyaɗa. Judge ya buɗe da tsallake katanga tun turmin farko. Kafin a jima muna da 5, su ba ko ɗaya, Cole kuma ko duka ɗaya mai kyau bai bari sun yi ba. Muna jin ihun filin ta taga kafin hoton ya iso talabijin. Sai turmi na biyar. Aka ɗaga ƙwallo saitin Judge, irin wadda yake cafewa ido rufe, ta buga safar hannunsa ta faɗi. Kuskurensa na farko ke nan a shekarar gaba ɗaya. Ɗan tsaronmu Anthony Volpe ya yi jifa ta daki ƙasa kafin ta isa. Cole ya dage ya fitar da mutum biyu, har da Ohtani, muka fara sauke numfashi. Mookie Betts na Dodgers ya buga wata 'yar ƙwallo da ta gangara wajen tashar farko, abin da ya rage kawai Cole ya ruga ya riga shi taka tashar a fitar da shi. Bai ruga ba, ya tsaya yana nuni da hannu. Daga nan ruwa ya ɓalle, aka dawo 5 da 5. Mun sake shiga gaba da ɗaya, suka zo a turmi na takwas suka ci biyu. Aka tashi 7 da 6, baƙi suka ɗaga kofi a unguwarmu.

Ni abin da ya fi ci mini rai, ba fin ƙarfi aka yi mana a daren ba, ƙananan abubuwan da ake koya wa yara a filin unguwa ne suka kayar da manya. Auta ya san haka, don shi ma yana bugawa a filin da aka yi a gurbin tsohon filin Yankees, kuma kocinsu kullum maganarsa ke nan, mai jifa ya rufe tashar farko. Ya shige ɗaki ya kifa kai. Na bi shi na zauna bakin gado. Yaron nan, Yaya, Hausarsa ta gaisuwa ce da ta aike, idan na ja shi da hira da Turanci yake mayar mini. A daren nan na ba shi labarin ranar da aka fitar da Najeriya a 1994, a ƙasar nan ta Amurka, muna gaban Italiya har saura minti biyu Baggio ya farke, da yadda ni da kai muka dawo gida ba mai ce wa wani uffan. Ya ɗago ya tambaye ni da Hausa, Baba kai ma ka yi kuka? Na ce masa na yi. Mun kai ƙarfe ɗaya muna magana, rabi Hausa rabi Turanci. Da safe ka kira.

Judge ya samu kambun gwarzon shekara ba tare da ko mutum ɗaya cikin masu zaɓe ya saɓa ba, amma a unguwar nan ba wanda ya yi murnar kirki. A Disamba kuma Soto ya tattara ya koma Mets, abokan hamayyarmu na Queens, a kan dala miliyan 765 na shekara 15. Ban ga laifinsa ba, neman abinci ya kawo shi kamar yadda ya kawo mu. Auta dai bai yafe ba tukuna. Ya cire rigarsa ya ba uwarsa ya ce a saka a kayan Kano. Idan jakar ta iso za ka ga farar riga mai siraran ratsi, lamba 22 a baya, ba suna, don Yankees ba sa rubuta suna a rigarsu. Ya ce a ba ɗanka na uku, tsawonsu ɗaya. Hular da ka ce kana so ma tana ciki, a aljihun gefe.