Tukunyar zubi a kayan ɗakin amarya

Tambaya: Anti, ina gaisuwa. Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki, zan saya mata tukwanen alminiyam na zubi, irin waɗanda maƙeranmu suke yi. Sai maƙwabciyata ta ce suna da illa. Ni ma na lura tawa ta yi 'yan ramuka a ciki. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Marwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba. Matsalar tana cikin abin da ake narkawa. Maƙera suna tattara tsofaffin kayan injin mota, da lagireto, da gwangwanaye, su narka su zuba a cikin siffar tukunya da suka yi da ƙasa. Wasu daga cikin tarkacen nan suna ɗauke da dalma, kuma ido ba ya ganinta. A 2014 masu bincike daga Amurka da Kamaru sun gwada irin tukwanen nan na ƙasarmu, suka tafasa ruwa mai tsami a ciki, suka samu dalma tana fita daga da yawansu. Ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kodayake can daga haƙar zinariya ta zo. Tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, tana kuma cutar da mai ciki, shi ya sa na damu da maganar amarya musamman.

Ramukan da kika gani kuwa aikin tsami ne da kanwa. Ki duba girkinmu: miyar yakuwa, tumatir, zoɓo, kunun gyaɗa da tsamiya na azumi, ga kanwa a miyar kuɓewa da wake. Duk suna cin alminiyam, abin da suka ci kuma cikin abinci yake komawa.

Ba zan ce ki yi watsi da maƙeranmu ba, sana'arsu ce, kuma tukunyarsu ita ke jure muciya da wutar itace ranar biki. In za ki saya, a bar ta wa tuwo da dafa ruwan wanka. Kada abinci ya kwana a ciki, a juye a kwano da zarar an sauke. A kuma daina dirje cikinta da yashi ko soson ƙarfe don ta yi ƙyalli, wannan dirzar sabon ƙarfe take tonowa.

Amma tukunyar miya da ta kunun jariri, ki daure ki saya mata ta inoks, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ko da guda biyu ne. Na fi son a rage kwanonin jere a sayi waɗannan. Ki haɗa mata da tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata ƙyalli ba. Ni a gidana a Garwa a cikinta nake dafa kifin Binuwai da yakuwa, ga ta da riƙe zafi har maigida ya dawo daga sallar isha'i. Kafin amarya ta fara girki da ita, ta jiƙa ta a ruwa ta kwana, sannan ta ɗora ta a wuta kaɗan-kaɗan don kada ta tsage.